Milimita Arba'in da Takwas

Sati shida na yi ina tura farin allo mai taya a korido guda, har na san wace taya ce a cikin huɗun take kuka idan an zo mita biyar. Da safe in kafa na'urar awon nisa a kan ƙafafunta uku a bakin ƙofa, in tura allon zuwa alamar farko, in dawo in danna, in rubuta abin da ta ce, in koma in ƙara tura shi gaba. Mita biyu, mita uku, biyar, takwas, kowace alama sau goma. Kafin tsakar rana ƙafafuna sun cika takalmi. Na gaji da koridon, na gaji da warin fentinsa, na gaji da fankar da ke juyawa a sama ba ta kawo wa kowa iska.

Na'urar ba ta wuce girman biredi ba. Tana da idanu biyu na gilashi, a tsakaninsu akwai 'yar fitila mai watsa ɗigon hasken da idon mutum ba ya gani. Idan ta kalli abu sai ta faɗi nisan kowane sashe nasa, daga nan kwamfuta ta zana siffarsa. Burin Injiniya, mai wurin, shi ne kafinta ko magini ya tsaya a ƙofar ɗaki ya danna sau ɗaya, ya samu tsawo da faɗi da zurfin kowane lungu ba tare da ya durƙusa ba. Shekara uku yana kan abin, kuma guda ɗaya tak muka ƙera. Dogo, mai rubuta mata umarni a kwamfuta, shi ya raɗa mata suna Mujiya saboda idanun.

Mu huɗu ne a wurin: Injiniya, Dogo, Baba Mai Gilashi, sai ni. Ni ba na ƙera komai. Aikina in gwada in ce e ko a'a. Kafin in zo nan shekara goma sha biyu na yi ina wannan aikin a masana'antar sikeli, inda na taɓa mayar da kaya mota guda saboda giram biyar, manaja yana roƙona ina kallon bango. Baba ne ya fara kirana Alƙaliya, sunan ya bi ni. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa.

A kusa Mujiya ba ta da laifi. A ɗakin aiki akwai tebur mai dogon ƙarfe da aka zana masa lambobi tun daga masana'anta, tsawonsa santimita tamanin, kuma duk inda na ajiye abu a kansa sai ta faɗi daidai, ko rabin milimita ba ta kuskurewa. Da an fito korido sai ta fara ƙari. A mita biyu ta ƙara milimita goma sha biyu, a uku sha takwas, a biyar talatin. A mita takwas ta ce takwas da milimita arba'in da takwas, wani lokaci da bakwai, wani lokaci da tara. Kamfanin gine-ginen da ke jiran ganinta kuwa sun ce a mita takwas kada kuskuren ya wuce goma.

Dogo ne ya fara gwada nasa. Ya sa mata umarnin ta riƙa rage kaɗan daga duk abin da ta gani. Korido ya gyaru, tebur ya lalace. Ya cire umarnin, tebur ya gyaru, korido ya koma gidan jiya. Kwana huɗu yana wannan kai-kawon yana zubar da burbushin biskit a kan teburinsa, daga ƙarshe ya ɗaga hannuwa ya ce shi lissafinsa lafiya lau, a duba ƙarfe.

A sati na biyu Injiniya ya fito korido riƙe da takardata, yana sosa gemu da bayan biro. Mutum ne mai sanyin magana, idan zai tambaye ka abu sai ya fara ba ka haƙuri.

"Ki yi haƙuri fa," ya ce. "Ƙarin nan yana tafiya daidai wa daida, shida a kowace mita. Tsarin ya yi yawa. Alamomin nan na ƙasa, da me kika auna su?"

Dogo yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Na ji fuskata ta ɗauki zafi.

"Da rular ƙarfe na auna, Injiniya. Ni da hannuna. In kana ganin ban iya ba, ga korido nan."

"A'a, ba haka nake nufi ba."

"Shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa bin bayana da rula."

Ya sake ba ni haƙuri ya koma ciki, bai ƙara tayar da zancen ba.

Kuma da ƙarfen na auna, a nawa ganin. Ranar da zan sa alamomin ni kaɗai ce a wurin. Tef ɗin awon da muke da shi mita uku ne, bakinsa ma ya karye, kuma ba mai riƙe min. Sai na dubi ƙasa. Koridon shimfiɗe yake da farin tayil tun daga ƙofa har bangon ƙarshe. Na ɗauko rular ƙarfe na auna tayil guda, santimita hamsin cif. Na auna wani a tsakiya, na auna wani a ƙarshe, duk hamsin. Tayil biyu mita ɗaya ke nan. Na bi ina ƙirgawa ina manna jan salatef, huɗu, shida, goma, sha shida, na rubuta lambobin da alƙalamin maka. Minti goma na gama, har ina yaba wa kaina dabara.

Tunda an ce lissafi lafiya, awo ma lafiya, sai ya rage mutum ɗaya.

Baba Mai Gilashi shi ke ɗaura idanun biyu a kan sandar ƙarfen da ke riƙe su. Dole tazarar da ke tsakaninsu ta zama daidai, kuma su kalli gaba tare, don idan ɗaya ya karkata ko da kaurin silin gashi ne, a kusa ba za a gane ba sai a nesa. Shekarunsa sittin da bakwai. Ya yi gyaran agogo, ya yi na tabarau, ya yi na madubin duba ƙwayoyin cuta na makarantu. Akwatin kayan aikinsa na katako ne, ciki shimfiɗe da koren ƙyalle, kowane hantsaki da kowane sukudireba da gurbinsa. Idan ya ɗauki abu ba ya numfashi sai ya ajiye. Dogo ya taɓa aron hantsakinsa ya cire ƙaya a yatsa, sati guda Baba bai amsa gaisuwarsa ba. Ni kuwa yakan ce min Alƙaliya idan da mutane, idan mu kaɗai ne ya ce 'yata.

Ba wanda ya fito ya ce masa laifin hannunka ne. Injiniya dai ya ce, "Baba, ko za a sake ɗaurawa?" Baba ya kwance aikinsa na wata biyu ya sake. Na gwada, arba'in da shida. Ya sake, hamsin. A na huɗu ya karkatar da ido ɗaya da gangan don ya faranta wa korido rai, mita takwas ta matso, tebur ya watse. Na biyar ma haka. Kowane ɗauri kwana huɗu yake ci masa, idan gam ya bushe ya kawo min da hannu biyu, ya tsaya a bayana ina dannawa. Ni kuma in karanta lambar da ƙarfi yadda na saba, ko waiwayawa ba na yi.

Sai muka fara kallon hannunsa. Ƙarfe goma da rabi mukan sha shayi a kan bencin da ke bakin ɗakin aiki, kuma na kama kaina ina bin kofinsa da ido daga tebur zuwa baki. Na kama Dogo ma yana yi. Wata rana cokali ya yi ƙara a jikin kofin sau biyu, duk muka ɗago kai lokaci guda. Baba ya ajiye kofin. Daga ranar ya daina shan shayi da mu, ya ce an hana shi sukari.

Ran Alhamis ta sati na shida ya kawo ɗauri na shida. Ya ce ya koma yadda ya yi na farko, ba dabara ba karkatarwa, iyakar abin da ya iya ke nan. Na tura allon har ƙarshe, na dawo, na danna.

"Takwas da arba'in da bakwai," na ce.

"To," in ji Baba. Ya cire tabarau ɗinsa ya goge da gefen riga, ya mayar, ya koma ɗakinsa.

Da yamma Injiniya ya kira ni ofis. Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur da kujera biyu da firintar da ba ta aiki sai an buge ta. Idanunsa sun faɗa, gemun da yake sosawa ya yi buzu-buzu.

"Akwai masana'antar da ke ɗaura irin wannan da inji," ya ce. "Zan aika musu. In aikin ya koma can, Baba ba shi da abin yi a nan. Na gaya masa, ƙarshen wata zai ajiye aiki."

"Me ya ce?"

"Ya ce shi ma da ma zai zo ya same ni." Ya turo min takardun gwajin. "Ki rubuta rahoto ki sa hannu ran Litinin. Ki faɗi inda matsalar take. Mutanen kamfanin sa hannunki suke son gani."

Na ji ba daɗi, amma mafi yawan abin da na ji sauƙi ne, don zan daina tura allo. Gaskiyar ke nan, ko da ba ta yi min kyau ba.

Ran Asabar ƙanin mijina yana sa min tayil a kicin. Auta ake ce masa duk da yana da 'ya'ya uku da furfura a gemu, kuma tun da na shigo gidansu ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Wata uku yana ce min gobe, sai ranar da nake son in miƙe ƙafa ya iso da injin yankansa. Mijina ya zame wai zai kai mota wanki, yara sun tafi gidan kakarsu. Tukwanena suna falo, firij yana tsaye a tsakiyar hanya, ko'ina farin gari.

Na kai masa shayi na tarar ya ɗora tayil a kan inji zai yanka.

"Kai, me za ka yanka min? Bangon nan mita huɗu ne, tayil ɗin arba'in-arba'in. Goma cif. Ni na auna."

"Matarmu ke nan," ya ce, bai ko ɗago ba. "A wurin aiki ma haka kike musu?"

"Ka ajiye min tayil ɗina."

Ya kashe injin. Ya ɗauki na goman ya kai shi gurbin da ya rage a jikin bango, ya ƙi shiga, ya hau kan na tara da kusan yatsa biyu. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar farar roba mai siffar alamar tarawa, ya ɗora min a tafin hannu. Irinsu nake ta sharewa tun safe ina zaginsa a raina.

"Wannan ake sa wa tsakanin tayil da tayil kafin a cika da farin siminti," ya ce. "Milimita uku. Ba a manna su jiki da jiki, in zafi ya zo sai su tashi su fashe. Ke kin ƙirga tayil, ba ki ƙirga rata ba. Rata tara, ga ta jikin bango, talatin ke nan." Ya karɓi shayinsa ya kurɓa. "Kada ki ji kunya, kowa haka yake yi. Har masu digiri."

Na tsaya ina kallon robar a tafin hannuna. Uku sau goma sha shida nake yi a kaina. Na yi na sake yi kamar 'yar aji uku, ko zai fito da wata lambar daban.

"Lafiya?" ya ce.

"Ko'ina uku ake bari?"

"Ya danganta. Wani biyu, wani biyar. Babban tayil irin na ofis yawanci uku."

"Ba ni aron tef ɗinka. Mai tsawon nan."

"Ki dawo min da shi fa. Na san halinki da kayan mutane."

Na shiga bas da farin gari a siket ɗina. Tafiyar minti arba'in ce, ta bi ta gaban shagunan kayan gini da tashar mai da asibitin ido, kuma duk tsawon hanyar ina gaya wa kaina cewa tayil ɗin wurin aikinmu a manne yake, ba irin na Auta ba ne. Na yi ta ƙoƙarin tuna yadda ƙasan koridon yake, na kasa, bayan sati shida kaina yana sunkuye a kansa.

Ba kowa a wurin ran Asabar, amma ina da mukulli. Na kunna fitilar korido. Layukan suna nan, sun yi baƙi da datti, ɗaya bayan kowane tayil. A kansu tayoyin allon suke tsalle kullum ina jin haushin ƙarar.

Na ɗora bakin tef a layin farawa, na danne shi da gwangwanin fenti, na ja har ƙarshe. Jan salatef ɗin da na rubuta wa takwas yana zaune a kan mita takwas da milimita arba'in da takwas. Na saki tef ɗin na sake ja, bai canza ba. Na duba mita biyar, talatin. Mita biyu, sha biyu. Mujiya tana kan ƙafafunta a bakin ƙofa, an rufe ta da tawul. Tun ranar farko gaskiya take faɗa, kuskurenta bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba a mita takwas. A duk shekarun aikina ban taɓa gwada abin da ya kai ta ba, kuma sau shida na kayar da ita.

Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Abin da ya fara zuwa min a rai kaina ne, Baba daga baya ya zo. Na ga fuskar Injiniya, na ji muryata tana cewa ba wanda ya taɓa bin bayana da rula. Sai wata dabara ta zo min, irin dabarun nan nawa. Idan na ɗaye salatef ɗin na mayar da kowanne inda ya kamata, ran Litinin in ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya kafin in sa hannu, Mujiya za ta ci. Sai a ce gam ne ya gama kamawa a ƙarshen mako. Baba ya zauna a aikinsa, Injiniya ya samu kamfaninsa, ni kuma ba wanda zai sani. Wa zai lura salatef ya ja baya da yatsa uku? Na juya abin ta ko'ina ban ga wanda zai cutu ba.

Na durƙusa na sa farce. Na ɗaye rabinsa ke nan na ji mukulli a ƙofar waje.

Baba ne, da tsohuwar jakar tafiya a hannu, ba komai a ciki. Daga baya na gane ya zaɓi Asabar ne don kada ya fita da akwatinsa a kan idonmu. Ya tsaya can kusa da Mujiya, ni ina wannan ƙarshen, tef a miƙe a tsakaninmu. Ya dubi tef ɗin, ya dubi salatef ɗin da ke hannuna, sannan ya tako a hankali.

"'Yata, me kike yi?"

Na janye hannuna daga salatef ɗin.

"Matsar da alamar za ki yi?"

"Baba…"

"A'a." Ya girgiza kai. "Kada ki yi min haka. Na san tausayina kike ji, Allah ya saka miki. Amma ke ba a san ki da wannan ba. In kika matsar, su kai na'ura gidajen mutane tana ƙarya, kafinta ya yanka katakonsa a banza, sunanki ne zai ɓaci. Hannu ne ya tafi, kuma kowa nasa zai tafi wata rana. Mayar da shi yadda yake."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ina iya manne salatef ɗin in tashi, ya ɗauki akwatinsa ya tafi gida yana sa min albarka. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

"Ba tausayi ba ne, Baba," na ce. "Duba nan. Alamar ce ba daidai ba, dukkansu ba daidai ba ne. Ban auna da tef ba. Tayil na ƙirga, na manta da ratar da ke tsakaninsu. Na zo in gyara a ɓoye ne don kada a sani."

Ya ajiye jakar. Ya durƙusa, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya matso da fuskarsa kusa da tef ɗin ya daɗe yana kallo. Ya sa farcensa a layin simintin. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya koma ƙofa yana taɓa kowane layi da bakin takalmi, leɓɓansa suna motsi. Da ya isa ya ture gwangwanin fentin gefe, ya riƙe bakin tef ɗin da kansa.

"Ja da kyau," ya ce. "Karanta min da ƙarfi, yadda kika saba."

"Takwas da arba'in da takwas."

"Ita kuma ta ce nawa?"

"Arba'in da bakwai."

"Na shida ke nan. Na farkon fa?"

"Arba'in da takwas."

"Na farkon," ya ce. "Wanda na kwance."

Ya saki tef ɗin ya je ya zauna a kan bencin shayi, ya ɗora hannuwansa a gwiwa yana kallonsu. Na zo na tsaya a gabansa, ban san inda zan sa nawa hannuwan ba.

"Sau biyu na je asibiti," ya ce. "Likita ya sa na miƙa hannu ya ɗora min takarda a kai, ya sa na zana da'ira, ya sa na taɓa hanci. Ya ce Baba, hannunka ya fi nawa tsayuwa. Na ce masa ba ka san aikinka ba, akwai wadda ta auna." Ya juya tafin hannun sama. "Jikata da aka haifa watan jiya, har yau ban ɗauke ta ba. Uwarta tana miƙo min ina cewa mura nake yi."

Na yi kuka, ni da ban yi ba ranar da aka rufe masana'antar sikeli. Na ce ya yafe min, na faɗa ya fi sau uku. Ya bar ni har na gama.

"Kuskure kowa yana yi," ya ce. "Ni na taɓa mayar wa mutum agogonsa, na je gida na tarar da notinsa ɗaya a aljihuna. Wannan ba komai ba ne. Amma Injiniya ya tambaye ki. Ina ciki, na ji."

Ya tashi ya naɗe jakar ya sa a hammata, bai shiga ɗakinsa ba, bai taɓa akwatin ba. A bakin ƙofa ya juyo.

"Ki mayar da rabin da kika ɗaye. Ki bar su su gani da idonsu."

Ran Litinin na kai rahoton, shafi biyu. A wurin da ake faɗin inda matsalar take na rubuta abin da na yi, har da zuwana ran Asabar da abin da na zo yi. Injiniya ya karanta a tsaye. Ya kira Dogo suka fita da tef ɗin Auta, na ji su suna kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. "Sati shida," kawai ya ce, ya ajiye takardar, ya shiga ɗakin Baba ya rufe ƙofa, suka daɗe a ciki. Dogo ya ce ashe Mujiya ce ta yanke wa Alƙaliya hukunci, ba wanda ya yi dariya, shi ma bai ƙarasa tasa ba.

Ba a aika wa masana'antar komai ba. An sayo sabon tef mai mita goma, mu uku muka auna koridon, aka sa alamomin da fenti. Mutanen kamfanin suka zo da nasu ma'aunin, Mujiya ta ci a gabansu. Ba a kore ni ba, kuma akwai ranakun da na so a ce an yi. Auta ya karɓi tef ɗinsa bayan kwana takwas da ƙorafi mai yawa, har yau ban gaya masa abin da na yi da shi ba.

Baba ya zauna. Ya dawo shan shayi da mu, da sukarinsa cokali biyu, kuma ni ƙasan kofina nake kallo har a gama. Yanzu yana ɗaura idanun Mujiya ta biyu, ni kuma na koma tura allo, tayar nan tana nan tana kukanta a mita biyar. Yana gaishe ni kullum, yana tambayar yara da babansu.

Satin jiya na kai masa sakamakon gwaji a teburinsa.

"Baba, ta biyun ta ci. Milimita biyu a mita takwas."

Ya mayar da hantsaki gurbinsa, ya saki numfashi, ya karɓi takardar. Ya karanta har ƙasa inda na sa hannu.

"Madalla, Malama," ya ce. "Da me kika auna?"

Tun Asabar ɗin nan bai sake ce min Alƙaliya ba, bai sake ce min 'yata ba. Na ce da tef, ni da Dogo, sau uku.

"To, kawo tef ɗin mu gani."

Na je na ɗauko.